Ɗigo da Waƙafi a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A aji a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai adaidaita sahun da ke kai ni makaranta sai da ya rage gudu ya ce, “Wai da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu?” Na gaji da farawa daga farko kullum. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Sunana Zuwaira, a Kazaure aka haife ni, a nan kuma nake karatun kwamfuta. Wata rana malaminmu ya shigo aji ya ce wata ƙungiyar matasa a Damagaram ta shirya horo kan gwajin manhaja, suna son ɗalibai biyu daga wajenmu. Ya ce irin manhajar nan ce da masu ita suka buɗe rubutun da aka gina ta da shi, ba a sayar da ita, kowa yana iya karantawa, ya nuna kuskure, ko ma ya gyara. Abin ya ɗaure mini kai. Mutum ya sha wahala ya gina abu, sannan ya baje shi a fili ya ce a zo a nemo masa aibu? Son in ga irin waɗannan mutane da idona ne ya sa na ɗaga hannu. Aka zaɓe ni, aka zaɓi Nasiru, wani ɗan ajinmu daga Gwiwa.

Baba bai hana ba, amma ya kafa sharaɗi: sai dai Kawu Sale ya kai ni. Kawu Sale wan mahaifiyata ne, fataucin hatsi yake yi a Babura, kuma shiga Nijar a wajensa kamar shiga kasuwa ne. Don haka muka hau motar Babura ni da Nasiru, muka kwana a gidan Kawu. Da safe matarsa ta cika mana ciki da ɗanwake, Kawu ya canza mana kuɗi zuwa sefa, muka nufi Babban Mutum, inda iyakar take.

Tun a mota Nasiru yake ta cika mana baki cewa ya koyi Faransanci a waya, kada mu damu, shi zai yi magana. Da muka tsallaka ɓangaren Nijar, wani jandarma dogo mai gashin baki ya miƙo hannu a ba shi takardu. Nasiru ya gyara tsayuwa, ya buɗe murya ya ce, “Bonjur, madam!”

Jandarman ya dube shi tun daga hula har takalmi. Sannan ya ce da Hausa tsantsa, “Yaro, ina kwana. Yi mini Hausa, kada ka aurar da ni.”

Ya duba katin shaidarmu da katin riga-kafi, ya tambayi abin da za mu je yi. Na ce gwajin manhaja.

“Wace ce kuma Manhaja?”

Na fara bayani, ina ta kame-kame, sai Kawu ya karɓe. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wasu mutane ne suke gina abu a cikin kwamfuta. Idan sun gama, sai su kira yaran nan su zo su lalata shi.”

“Kuma kiransu ake yi?”

“Har da abinci ake ba su.”

Jandarman ya yi dariya har ya dafa teburinsa. Ya buga mana hatimi, ya ce idan ɓarna ake koyarwa, yana da yara a gida da ba sa buƙatar horo.

A Magarya muka canza mota. Ban san wanda ya faɗa wa fasinjoji cewa mu ’yan kwamfuta ba ne, amma ina zargin Kawu. Ba mu yi nisa ba wata tsohuwa da ke gefena ta kwance bakin zanenta, ta fito da ’yar ƙaramar waya ta ce, “’Yata, wannan abu ya daina kuka. Jikana yana kira ba na ji.” Na duba, ashe an kashe mata sauti ne. Ina kunnawa wayar ta ɗauki ƙara, tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Shi ke nan. Wayoyi suka fara tahowa daga gaba da baya, wannan hotuna sun cika masa, wancan ya manta lambar sirri, har direba ya miƙo tasa ta saman kai yana tuƙi. Nasiru ya yi ta aiki yana gumi. Ni kuwa tsohuwar ta cika mini hannu da aya, ta yi ta sa mini albarka har ta sauka.

Abin da na fara gani a Damagaram duwatsu ne, manya, a tsakiyar gidaje, sai na ji kamar ban bar Kazaure ba. Kawu ya damƙa mu a hannun malamin horon, ya ce zai dawo ɗaukarmu idan ya gama cinikinsa. Malamin sunansa Isufu, amma kowa Mushe yake ce masa, haka suke kiran malamin boko a can. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, kuma idan ka yi masa tambaya sai ya yi shiru kamar bai ji ba, sannan ya ba ka amsa. Maza aka sauke su a ɗakunan cibiyar da ake horon. Ni aka haɗa ni da wata ɗaliba mai suna Rakiya, aka ce a gidansu zan zauna, kuma ita ce abokiyar aikina.

Rakiya gajera ce, mai saurin magana da saurin tafiya. Hausa ɗaya muke yi, amma kullum sai mun tsaya mun kalli juna. Ta ce mini yayarta Hadiza tana aiki a likita. Na ce, “Kina nufin ita likita ce?” Ta ce a’a, a likita take aiki. Sai da muka ja zancen na gane asibiti suke kira likita, shi kuma likitan lokotoro. Makaranta lakwal ce, ɗan acaɓa kabu-kabu. Mahaifiyarsu, da na bi su ina kira Inna, ta tarbe ni da fura mai sanyi, ta ce, “Sha hura, ’yar Najeriya, kin sha hanya.” Da rana ta kawo kopto, wato zogale da ƙuli da albasa, kusan kwaɗonmu, amma su ba sa ɗaukarsa abin marmari, abinci ne sosai. Burodin kuwa, ga mai son sani, ya kai tsawon hannu har ya wuce. Ranar farko na ɗauka ya kwana ne saboda taurin bayansa, na tura shi gefe cikin ladabi. Inna ta karya shi a gabana ta nuna mini cikin, fari, mai laushi, yana tururi. Ruwa ne dai na ga ana tattalinsa fiye da yadda na saba. Da na ga yadda Rakiya take wanke kwanuka da ɗan ruwan da ni ba zai ishe ni alwala ba, na daina cika bokitin wanka.

Ranar da aka fara, Mushe ya sallame mu da azahar ya ce a dawo ƙarfe goma sha biyar. Na yi ta lissafi a zuci ina kallon agogo, ina neman inda goma sha biyar yake. Rakiya ta ce ƙarfe uku ke nan. Kuma kafin lokacin gari yakan yi tsit, shaguna a rufe, kowa ya kwanta. Na ce mata mu a Kazaure wanda ya kwanta da rana tsaka tambayarsa ake yi ko ba shi da lafiya. Ta ce su kuma wanda bai kwanta ba shi ake tambaya.

Kwamfutocin cibiyar ma sai da suka yi mini nasu maraba. Mushe ya ce kowa ya rubuta sunansa. Ni da nake alfahari ina rubutu ba tare da kallon madannai ba, na zuba yatsu, na ɗago kai, sai na ga a allo an rubuta Wuzqirq. Ashe madannan Faransa ba a jere suke kamar namu ba, haruffa sun yi musayar gida. Rakiya ta karanta shi da ƙarfi, aji ya kwashe da dariya, Nasiru ya fi kowa, don ya samu wanda zai raba kunyar iyaka da shi.

Manhajar da aka ba mu gwaji ta ƙananan asibitocin karkara ce. Ma’aikaci zai rubuta sunan yaro da nauyinsa a waya, ita kuma ta lissafa masa yawan maganin da za a ba shi. Masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka gina ta, kuma ana shirin fara amfani da ita a wasu ƙauyuka bayan an gama gwaji. Mu kwafin gwaji aka ba mu, yaran ciki duk na ƙirƙira ne.

Mushe ya ce, “Ku daina yi mata ladabi. Ku yi mata abin da mutum mai gajiya zai yi, da abin da mai gaggawa zai yi. Ku bar gurbi babu komai ku danna. Ku yanke intanet tana tsakiyar aiki.” Ya ce gano kuskure rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ka rubuta shi yadda wanda bai taɓa ganinka ba zai bi sawunka ya ga abin da ka gani: me ka yi, me ka zata zai faru, me ya faru. Nasiru ne ya fara cin nasara. Ya rubuta yaron da za a haifa baɗi, manhajar ta karɓe shi hannu bibbiyu har ta ba shi magani. Aka tafa masa, ya yi kwana biyu yana tafiya kamar hakimi.

Ni da Rakiya aka ba mu shafin nauyi. Muka ƙirƙiri yarinya mai kilo bakwai da rabi. Na rubuta a wayata, maganin da ya fito daidai yake da abin da ke takardar da Mushe ya raba mana. Na ce, “Wannan lafiya lau, mu wuce.”

Rakiya ta ce, “Wane lahiya? Dubi nawa.”

Na leƙa wayarta. Maganin da ta samu na babban mutum ne. Na ce ta yi kuskure wajen rubutu, ta sake. Ta sake, abin bai canza ba. Ta ce wayata ce ba ta da kyau. Na ce tata ce. Muka fara musu har na gefenmu suka juyo. Sai muka ajiye wayoyin biyu a kan tebur, kafaɗa da kafaɗa, muka sake rubutawa a hankali. Ni na rubuta 7.5. Ita ta rubuta 7,5.

Na ce, “Me ya kawo waƙafi cikin lissafi?”

Ta ce, “Birgil kike nufi? To da me ake rubuta rabi? Ke ce kika sa ɗigo kamar kin gama jimla.”

Tun daga ajin farko haka aka koya mata, ni ma haka aka koya mini nawa. Manhajar kuwa ɗigo kaɗai ta sani. Idan ta ga waƙafi sai ta share shi ba tare da ta ce uffan ba, ta haɗe lambobin, bakwai da rabi ya koma saba’in da biyar. Na kalli sunan yarinyar da muka ƙirƙira, na san babu ita a duniya, amma sai da na tuna gida. Ƙanwata ta ƙarshe nauyinta bai fi kilo bakwai da rabin nan ba.

Mushe ya zo ya tsaya a kanmu, ya duba wayoyin biyu, sannan ya ce, “Ku rubuta.” Dandalin da masu manhajar ke karɓar rahoto da Ingilishi ake magana a cikinsa. Rakiya ba ta da Ingilishi, ni ba ni da Faransanci. Ita ta riƙa maimaita matakan tana ɗaukar hoton allo, ni ina rubutawa. Muka karanta wa Nasiru ya bi sawu a wayarsa, abin ya faru a hannunsa. Sannan na danna aikawa. Ban taɓa rubuta abin da duk duniya za ta iya karantawa da sunana a kai ba.

Washegari amsa ta zo daga ɗaya daga cikin masu kula da manhajar, wani mutum a wata ƙasa mai nisa. Ya gode, ya ce wannan ba kuskure ba ne, an tsara gurbin ne don ɗigo, a koya wa ma’aikata su riƙa sa ɗigo. Ya rufe rahoton.

Kunya ta kama ni. Na ji kamar na yi kuskure a gaban taro, na ce wa Rakiya mu bar maganar, su suka gina abinsu, sun fi mu sani. Ita kuwa ranta ne ya ɓaci, ta ce in rubuta masa cewa bai san aikinsa ba. Muka je wajen Mushe kowa da nata.

Ya ce, “Mutumin nan ba biyansa ake yi ba. Mai yiwuwa ya tashi daga aikinsa ne a gajiye, ya tarar da rahotanni jibge. Bai taɓa zuwa nan ba. Kada ku zage shi, kada kuma ku ji tsoronsa. An rufe rahoto, ba a kulle ba. Ku nuna masa abin da ba zai iya gani daga inda yake ba.”

Rakiya ce ta ce mu je wajen Yaya Hadiza. Da la’asar muka hau kabu-kabu zuwa ƙaramin asibitin da take aiki. Muka same ta ta gama awon yara, tana sauke ma’aunin da ake rataye su a ciki. Ba mu gaya mata komai ba. Muka sa kwafin gwajin a wayarta, muka ce ta rubuta mana yarinya mai kilo bakwai da rabi, ni kuma ina ɗaukar yatsunta a bidiyo. Ta sa waƙafi. Da ta ga maganin da ya fito sai ta ce, “Subhanallahi!” ta matsar da wayar nesa da fuskarta.

Na ce, “Yaya, to a gwada da ɗigo.”

Ta duba madannan lambobi, ta sake dubawa, ta miƙo mini. “Nuna mini shi.”

Na karɓa ina neman ɗigo. Babu. Wayarta da Faransanci take, kuma madannan lambobinta waƙafi kaɗai suke bayarwa. Ko an koya mata sa ɗigo, ba ta da inda za ta samo shi.

Yaya Hadiza ta ce ita da ta daɗe a aiki, da ta ga wannan adadi za ta san ba daidai ba ne. “Amma a ƙauye ba ni ce ke riƙe da wayar ba,” in ji ta. “Yarinya ce da aka ba horon ’yan makonni, mata sun yi layi tun safe, yara suna kuka. Abin da waya ta faɗa shi za ta ba su.”

Na roƙe ta izinin rubuta maganarta ba tare da sunanta ba, ta yarda. Da muka koma na rubuta amsa, na goge, na sake rubutawa. Na gode masa, na ce na fahimci yadda aka tsara gurbin, sannan na sa bidiyon da maganar Yaya Hadiza. Na ƙara da cewa ko ba za a karɓi waƙafi ba, ya kamata manhajar ta tsaya ta yi gargaɗi, kada ta yi shiru ta canza nauyin yaro. Rakiya ta sa na fassara mata kowace jimla kafin in aika. Ta ce na yi masa laushi da yawa, amma ta bari.

Har aka rufe horon babu amsa. Duk lokacin da aka ba mu hutu sai in leƙa, in ga rahoton yana nan a rufe. Kawu ya zo ɗaukarmu da buhunan wake a saman mota. Inna ta ɗaure mini kilishi da dogon burodi biyu, ta ce in gaishe da mutanen gida. Rakiya ta raka ni tasha tana ta surutu kan abubuwan da ba su da muhimmanci, mota na tashi ta juya da sauri ta tafi. A hanya babu wanda ya ba ni waya in gyara. Burodin ya karye kafin mu isa Babura.

Na yi kusan mako a gida, ina tsakar gida ina tankaɗen gari, sai saƙo ya shigo. An sake buɗe rahoton. Mutumin ya rubuta cewa ya kalli bidiyon, ya yi kuskure da ya rufe, ya ba da haƙuri. A ƙasan maganarsa wani daga wata ƙasa ya ce su ma da waƙafi suke rubutu, wata mata kuma da ban san ko daga ina take ba ta riga ta aiko da gyara. A ƙarshe aka ambaci sunana: tunda ni na kawo rahoton, ko zan gwada sabon kwafin in tabbatar?

Na goge hannu a zane na sauke sabon kwafin a wayata. Sai na tuna wayata da Ingilishi take, ba za ta nuna mini abin da Yaya Hadiza ke gani ba. Na shiga saiti na mayar da ita Faransanci. Na rubuta bakwai, waƙafi, biyar. Magani ya fito daidai. Na gwada da ɗigo a kwamfuta, daidai. Na rubuta nauyin babban mutum a sunan jaririya, manhajar ta tsaya, ta fito da jan rubutu tana tambaya ko na tabbata. Na yi ihu har Umma ta fito daga ɗaki tana salati, ta ɗauka kunama ce.

Bayan na aika cewa gyaran ya yi, na zo mayar da wayata yadda take. Na shiga nan, na fita can, ko kalma ɗaya ban gane ba. Na kunna abin da ban san yadda ake kashewa ba, wayar ta fara karanta mini allo da muryar wata mata. Da ƙyar na lalubo lambar Rakiya.

Na ce, “Sun gyara! Rakiya, sun gyara, har ya ba da haƙuri!”

Sai na ji ta ɗaga murya tana kiran Yaya Hadiza da Inna. Sai da hayaniyar ta lafa na ce mata ina da wata matsala, na gaya mata halin da wayata take ciki. Ta yi dariya har tana tari.

Na ce, “Ki taimake ni, ina zan danna?”

Ta koya mini yadda zan rufe bakin matar. Na ce saura harshen.

Ta ce, “A’a. Mushe ya ba mu shafin riga-kafi mu gwada, kuma da ke zan yi shi. Ki bar ta haka, da ita za ki koyi Faransanci. Karanta mini abin da ke saman allon.”

Na karanta yadda na ga haruffan.

“Kai, Zuwaira, kin kashe Faransancin. Sake.”

Na zauna a kan turmi, garin yana jirana a faranti, na sake.